Yadda Ake Ƙera Rumfar Matuƙin Ƙaramin Jirgi da Zafi da Zuƙar Iska

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramin jirgi, na rimot ne ko na ajiyewa a kan kanta, ya san inda aiki ke cijewa. Fiffike ana yanka shi daga soso ko katakon balsa, gangar jiki a haɗa ta da gam, amma rumfar nan garau da ke rufe matuƙi ba ta yankuwa da wuƙa. Ta lanƙwasa ta gaba da baya, ta kuma lanƙwasa ta hagu da dama, kuma fallen roba ba ya yarda da lanƙwasa biyu a lokaci guda sai an gasa shi. Shi ya sa za ka ga jirgi ya yi kyau ko'ina, amma a kansa an ɗora dunƙulen soso an shafe shi da baƙin fenti.

Hanyar da ake bi guda ce. A sassaƙa siffar rumfar da katako, wato mol. A gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan mol ɗin, a zuƙe iskar da ke ƙarƙashinsa. Mutane kan zaci injin ne ke jawo robar, alhali iskar sama ce ke danna ta. Iskar da muke zaune a ciki tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, ba ma ji ne kawai don ta kowane ɓangare take dannawa. Da ka rage ta ƙasan robar, sai ta sama ta manne ta da jikin katakon. Injin zuƙar ƙura na gida yana iya rage kusan kashi 1 cikin 5 na wannan nauyi, kuma ya wadatar ga robar da kaurinta bai wuce milimita 1 ba. Da irin wannan dabara masana'antu ke yin farar robar cikin firji. Kamfanin Mattel na Amurka ma ya taɓa sayar wa yara ƙaramin injinta mai suna Vac-U-Form a farkon shekarun 1960, kuma har yau masu haɗa ƙananan jirage na neman tsoffinsa.

Bari mu ɗauki jirgi guda mu yi awo da shi. Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wa sojojin saman Najeriya guda 60 a Kaduna, an gina shi ne a kan tsarin RV-6A na kamfanin Van's. Faɗin fikafikansa mita 7 ne, mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa, faɗin mazauninsu wajen santimita 109. Idan ka rage shi zuwa kashi 1 cikin 6, fikafikai za su zama santimita 117, rumfar kuma faɗinta 18, tsawonta wajen 28, tudunta wajen 8. Wannan awon za mu riƙe har ƙarshe.

Fara da auna obin

Kafin ka sayi ko ƙusa, auna cikin obin ɗin da za ka gasa robar. Firam ɗin da ke riƙe roba dole ya shiga ciki, akwatin zuƙa kuma dole ya yi daidai da firam. Ƙa'idar ita ce a bar roba a kowane gefen mol gwargwadon tudunsa. Namu tudunsa 8, to 18 da 16 ya zama 34, 28 da 16 ya zama 44. Falle mai 45 da 35 ke nan. In obin ɗinka bai ɗauki wannan ba, ko ka rage girman jirgin, ko ka raba rumfar biyu, gilashin gaba daban, na baya daban.

Mol

Jan robar kansa daƙiƙa 5 ne. Kwanakin aikin a nan suke tafiya, domin roba mai zafi ba ta rufa wa kowa asiri: zanen katako, sawun sanfefa, gashin ido in ya faɗa, duk za ta kwafe su ta nuna a fili. Abin da masu wankin hula ke yi ne, su ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kan katako ta bushe da siffarsa. In katakon ya karkace, hular ma a karkace za ta fito.

Katakon da na fi so shi ne obeche, wanda wasu 'yan katako ke kira arere. Mara nauyi ne, zanensa lafiyayye, wuƙa na cinsa ta kowace fuska, kuma masu wannan aiki a Turai daga Afirka ta Yamma suke samunsa. Malaina busasshiya ma tana yi. MDF, wato allon da ake matsewa daga garin katako, yana da kyau don ba shi da zane ko kaɗan, sai dai ƙurarsa na cutar huhu, a rufe hanci. Ka guji katako mai ƙaro, zafi na fito da shi ya ɓata robar. Ka guji ɗanye, don tururinsa na sa rumfa ta yi hazo. In ba ka samu mai kauri ba, manna falle uku ko huɗu da farin gam na kafintoci, ka danne su kwana guda.

Ɗauki awo daga jikin jirgin da ka riga ka haɗa, ba daga takardar zane kaɗai ba, don abin da hannu ya haɗa da wuya ya yi daidai da zane. Yanka kwali uku: siffar rumfar ta gefe, siffarta ta sama, da siffar bakanta a wurin da ta fi faɗi. In ka ƙara bakan gaba da na baya ya fi. Ja layi a tsakiyar katakon tun daga hanci har wutsiya, kuma duk lokacin da sassaƙa ta cinye shi ka sake ja. Wannan layin ne zai hana ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. Zana siffar gefe ka yanke da zarto, zana ta sama ka yanke, sannan ka shiga kashe kusurwoyi da wuƙa da magagari, kana gwada kwalayen baka a kai a kai. Riƙa ɗaga shi a gaban taga kana juyawa. Yatsa kuma ya fi ido gane tudu da kwari, rufe ido ka shafa.

Akwai abubuwa uku da ake mantawa. Na farko, mol ya zarce iyakar rumfar da santimita 1 zuwa 1.5 ta gaba, ta baya da ta ƙasa, domin gefen roba kullum yakan yi ƙaho ya tashi, kuma kana son wannan ƙahon ya faɗa wajen layin yanka. Na biyu, robar a waje take zama, don haka in rumfar za ta yi daidai da fatar jirgi, rage mol da kaurin robar. Na uku shi ne wanda ke sa mutum kuka: gefuna su ɗan kwanta ciki yayin da suke hawa sama, digiri 3 zuwa 5. Roba na tsukewa in tana hucewa, ta rungume mol. In gefen a tsaye yake cak, da ƙyar za ka zare shi. In kuwa sama ta fi ƙasa faɗi, ba zai fito ba sai an fasa ɗaya.

To ina rumfar da asalinta mai ciki ce, irin ta P-51D Mustang da ta fito a 1944, wadda ta kumbura ta fi bakinta faɗi? Sai a tsaga mol uku a tsawonsa, na tsakiya ya zama mai siffar tsinke, faɗi a ƙasa, siriri a sama. Bayan ja, a zare na tsakiya, na gefe biyu su faɗo ciki. Sawun tsagar kan ɗan fito a roba, sai a daidaita shi da inda ƙarfen da ke riƙe gilashin rumfa zai bi in da hali. In cikin kaɗan ne, PETG, garau ɗin robar da za mu yi rumfar da ita, na da juriyar da za a buɗa bakinta a zare mol ba tare da ta tsage ba.

Sai fuska. Cike ramuka da bodi fila na masu gyaran jikin mota, yana jure zafi kuma yana gogewa da kyau. Zanen katako a kashe shi da siririn shafen ifoksi, wato gam ɗin nan da ake gauraya kala biyu, ko a jiƙa fuskar da sufa gulu mai ruwa-ruwa a waje inda iska ke kaɗawa, don hayaƙinsa na cin ido. Goga da sanfefa mai lamba 120, sai 240, sai 400, ka tsaya a 600. Kada ka shafa fenti ko banish, zafi na narkar da su su manne a cikin rumfa. Kada kuma ka goge shi har ya yi ƙyalli. Wannan na ba mutane mamaki, amma fuska mai santsi ƙwarai tana kulle iska tsakaninta da roba, sai tabo-tabo su fito. Ƙananan sawun lamba 600 su ne hanyar da iskar ƙarshe ke bi ta gudu.

Wasu na sassaƙa ƙarafan rumfa a jikin mol don su fito tudu-tudu. A ganina wahala ce da ba ta biya a jan farko: injin gida ba shi da ƙarfin da zai shigar da roba cikin kusurwarsu, sai su fito a daskare. Fenti ko siririn tef ya fi fitar da su tsaf.

A ƙarshe yanka wani katako mai kaurin santimita 1 zuwa 1.5, ɗan ƙasa da gindin mol a faɗi, ka ɗora mol a kai. Wannan ɗagawar na sa roba ta lanƙwasa ta shige ƙarƙashi, naɗe-naɗenta su ƙare a can. Huda rami a gindin mol wanda sukuru zai kama, zai zame maka mariƙi wajen zarewa.

In kana da tsohuwar rumfa da ta tsage, aiki ya yi sauƙi. Liƙe tsagar da tef ta waje, shafa ɗan man baselin a ciki, zuba POP. Sai dai ka bar shi ya bushe sarai, kwanaki a rana, don POP mai danshi tururi yake fitarwa. Mol ɗin da aka buga da firintar 3D da robar PLA kuwa yana fara laushi tun wajen digiri 60, ja ɗaya ko biyu ya lotse, kuma layukansa duk suna fitowa. In shi ke gare ka, cika cikinsa da POP, ka rufe fuskar da fila ka goge.

Akwati da firam

Wannan aikin kafinta ne na yini guda. Akwati mai fuska 45 da 35, zurfinsa kada ya wuce santimita 5 ko 6, domin duk iskar da ke ciki sai inji ya kwashe ta kafin roba ta ji. Saman a yi shi da filawud mai milimita 12, a huda ramuka masu milimita 3, tazarar santimita 2 tsakaninsu. Sun haura 300, sai haƙuri. A gefe ko a ƙasa a buɗe ƙofar da tiyon inji zai shiga ya matse.

Sa 'yan gutattsarin katako huɗu ko shida a ciki su tokare sama da ƙasa. Lissafa ka gani: fuskar santimita murabba'i 1,575 ce, in inji ya yi iyakar ƙoƙarinsa nauyin da ke kanta ya kai kilo 300. Toshe duk mahaɗa da gam ko silikon. Kewaye bakin fuskar da soson da ake liƙa wa ƙofa, ko robar tub ɗin taya da aka yanka siri-siri. Gwaji: shimfiɗa leda a kai ka kunna inji. In ta manne ɗam har ƙarar injin ta canja, akwati ya yi. In kana jin shiii a wani wuri, nemo shi ka toshe.

Firam biyu ne iri ɗaya, na katako mai faɗin santimita 3 ko na alminiyom, roba a tsakiya, a ɗaure su da noti mai kunne ko manyan kilif na takarda, biyu ko uku a kowane gefe. Roba mai zafi na ja da ƙarfi, in ta kuɓuce a gefe ɗaya iska ta shiga, ja ya lalace. Manna sanfefa a fuskar cikin firam don ta ciji robar.

Wace roba

Ga rumfa, PETG. Garau take, tana laushi tun wajen digiri 80, tana januwa tsakanin 120 da 160, ba ta tsagewa a almakashi, kuma yawanci ba sai an busar da ita ba. Ana sayar da ita da sunaye irin su Vivak. Ga rumfarmu ta Air Beetle, milimita 0.75 ko 1. Ƙaramin jirgin soso, 0.5. Na ajiyewa a kan kanta mai kashi 1 cikin 72 ko 48, 0.25 ya isa.

Ka tuna roba na sirancewa. Rabin ƙwallo fuskarsa ninki biyu ce ta da'irar da yake zaune a kai, don haka fallen milimita 1 zai koma rabin haka a matsakaici. Kuma ba daidai yake rabuwa ba: inda ya fara taɓa mol, wato ƙoli, nan yake daskarewa da kaurinsa, gefuna su ja sauran. Wurin da za ka sa gam ko sukuru shi ne mafi siranta, don haka kada ka yi rowar kauri.

Masu yin allunan talla su ne farkon waɗanda za ka tambaya. Abin da suka fi ajiyewa akirilik ne, wanda ake kira Perspex. Da shi aka yi rumfunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, amma siririnsa na fashewa wajen yanka kuma yana son zafi da ƙarfin zuƙa fiye da na gida. Polikabonet ya fi duka ƙarfi, sai dai yana shan danshi, in ba a busar da shi sa'o'i a wajen digiri 120 ba, ƙuraje yake fitarwa. Bar shi sai ka ƙware.

Robar kwalin kek da ta kunshin kaya mai lamba 1 a cikin alamar kibiyoyi uku PET ce. Tana januwa, amma in zafi ya ɗan wuce sai ta koma fara fat kamar madara, kuma ba ta dawowa. Garau ɗin bangon da ake sa wa takardu a shagunan kwafi yawanci PVC ne mai wajen milimita 0.2, yana yi wa ƙananan rumfuna. Lambarsa 3. In ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba da ke cin ƙirji, don haka a waje kawai, kuma kada a bari ya yi launin ƙasa. In kana shakka, gasa wayar tagulla a wutar gas, taɓa robar, mayar cikin wuta: harshe kore na nufin PVC. Fim ɗin hoton asibiti da ledar laminatin ba sa januwa, kada ka ɓata lokaci.

Wuta

Obin na lantarki ya fi, a digiri 150 zuwa 160. In da hali ya zama wanda ba a gasa abinci a ciki. Wanda ba shi da obin zai iya sa mai walda ya haɗa masa akwatin kwano mai buɗaɗɗen sama, a jera ƙarfen risho na lantarki a ƙasa, firam ya zauna santimita 15 zuwa 20 a samansu. Ga falle ƙarami, bindigar zafi ta isa, ana yawo da ita ba tsayawa, ana juya firam. Harshen gas kai tsaye kuwa a'a, tsakiya na hujewa gefe bai ko ji ɗumi ba. In gas ne dole, ɗora faffaɗan ƙarfe a kan wutar ka riƙe firam a samansa.

Obin na cin wat 1,500 zuwa 2,000, injin zuƙa ma kusan haka. Ƙaramin janareton shago da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Da matsakaici, sa mataimakinka ya kashe obin a daidai lokacin da zai kunna inji, don ba a bukatar su tare.

Ja

Share wurin, ka yayyafa ruwa a ƙasa. Da hunturu abin ya fi wuya, ƙura ta yi yawa kuma busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jawo ta. Ɓare ledar kariya ta fuska biyu, wanke fallen da ruwan sabulu, bar shi ya tsane a tsaye. Kada ka goge da busasshen tsumma, shi ke ƙara masa jan ƙura. Ajiye akwatin dab da obin, taku ɗaya, a kan teburin da ba ya girgiza.

Ɗumama mol a obin har ya yi zafin da hannu zai iya riƙewa, goge shi, ɗora shi a tsakiyar akwati. Mol mai sanyi na daskarar da roba tun kafin ta gama kwanciya. Ramukan da ke nesa da shi ba sai an toshe ba, muddin firam zai rufe su duka.

Sa safar hannu ta fata irin ta masu walda. Kafin ka kunna komai, gwada tafiyar da firam mara roba sau da yawa: daga obin, juyawa, saukewa. Hannu ya san hanya.

Ɗora firam a obin a kan tubala ko gwangwanaye huɗu masu tsayin santimita 10, kusurwa-kusurwa, don roba ta samu wurin lotsawa ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Daga nan idonka a kanta. Da fari za ta yi yamutse ta yi tudu da kwari, kada ka firgita. Sai ta miƙe ɗam ta yi sheƙi. Sannan tsakiyarta ta fara sauka. Ga falle mai girman namu, in cikin ya sauka santimita 3 zuwa 4, ta nuna. Milimita 0.75 kan ɗauki minti 1 zuwa 3, gwargwadon obin. Agogo taimako ne kawai, lotsawar ita ce shaida.

Ce wa mataimaki ya kunna. Zaro firam, kai shi saman mol, sauke shi a miƙe ba karkacewa, danna har ya zauna a kan robar baki ta kowane gefe. Siririyar roba na rasa zafinta cikin daƙiƙa 3 ko 4, saboda haka duk wannan numfashi ɗaya ne. Za ka ji ƙarar inji ta tashi, ka ga roba ta faɗa jikin mol lokaci guda. Ci gaba da dannawa daƙiƙa 20 zuwa 30. In wani lungu bai kwanta ba, danna shi da yatsan safa nan take, amma ban da wurin da zai zama gilashi, don sawun zai zauna.

Kashe inji, kwance firam, yanke rarar roba kewaye da gindi, ɗaura sukuru a ramin nan ka zaro mol tun da sauran ɗumi. In ka bari ta huce sarai, riƙon ya ƙaru.

Karanta abin da ya fito

Ja na farko gwaji ne, yi shi da robar da ba ka jin asararta. In gefuna ba su kwanta ba, kusurwoyi sun yi zagaye, ko zafi bai isa ba, ko ka yi jinkiri, ko iska na shiga ta baki. Duba bakin tukuna, shi ya fi yawan laifi.

In roba ta naɗe ta yi fiffike a kusurwa, musamman a hanci da wutsiyar mol, roba ta yi yawa a wurin: ta lotsa fiye da kima, ko fallen ya fi mol girma ƙwarai. Rage lokacin gasawa, ƙara tsayin katakon ɗagawa, ko ka ajiye ɗan guntun katako santimita 2 daga kusurwar don ya ɗauke rarar. Ƙananan ƙuraje a cikin naman robar danshi ne ko zafi ya yi yawa. Busar da fallen sa'o'i a digiri 60. Ɗigo mai tsini da ɗan zobe kewaye da shi ƙura ce. Layi mai kama da gaɓar ruwa a gefe alamar mol ya yi sanyi ko hannu ya tsaya a rabin hanya. Hujewa a gindi kuwa, ko falle ya yi siriri ga tudun mol, ko gefen da ka bari bai isa ba.

Duk inda mol ya lotsa ciki, iska na maƙalewa. Huda rami mai milimita 0.8 zuwa 1 a tsakiyar lotsawar har ya fita ta gindi. Ta ƙasa kana iya faɗaɗa shi da babban bakin huji, ƙaramin ya tsaya a fuska kawai.

Yanka, fenti, mannawa

Kada ka yanka a kan layi karon farko. Bar rarar milimita 5, ɗora a jirgi, yi alama da maka, rage kaɗan, sake ɗorawa. Lanƙwasasshen almakashi ya fi bin baka. Gyara bakin da sanfefa a kan katako. Duk tsawon wannan aiki rufe gilashin da tef ɗin fenti ciki da waje.

Ƙarafan rumfa: rufe gilashi, bar layukan a buɗe, ɗan kankare su da sanfefa mai laushi. Fara shafa launin cikin jirgi, baƙi ko toka, sannan launin waje a kansa, don wanda ya leƙa ta gilashi ya ga na ciki. In kana son rumfa mai duhu, rinin tufafin roba irin su Rit DyeMore na kama PETG a ruwa mai digiri 60. Tsoma minti ɗaya, ɗauraye, duba, maimaita. In ruwan ya kai 70 rumfar za ta fara sakin siffarta.

Sufa gulu na sa farin hazo a gilashi, kada ya kusance ta. Akwai gam na musamman irin su Formula 560 da ke bushewa garau. In babu, ifoksi kaɗan a baki, ko ƙananan sukurori. Ramin sukuru ya ɗan fi sukurun faɗi, in ba haka ba girgiza na tsaga robar daga nan. In ta nan ake sa batir, ƙugiya a gaba da maganaɗisu biyu a baya. Wanki da ruwan sabulu kawai, tina da asiton na cinye ta. Bar ƙaramar kafa a wani ɓoyayyen wuri don zafin ciki ya fita, kuma kada a bar jirgi a rufaffiyar mota da ranar bazara: gaban mota na kai zafin da PETG ke fara saki.

Murfin inji da sauran sassa

Abin da ba a bukatar gani ta cikinsa, kamar murfin inji, rigar taya, kujera da allon agogon matuƙi, da farar robar HIPS ake yi, mai lamba 6, kauri milimita 1 zuwa 1.5. Ta fi PETG sauƙin hali, tana son zafi kaɗan sama da nata, tana karɓar fenti da fila, kuma tsaga ɗaya da wuƙa sai ka karya ta a kan layi. Sai dai fetur na cin ta, jirgi mai injin mai ya fi son robar ABS. Abu mai zurfi kamar murfin inji a ja shi rabi biyu, hagu da dama, a haɗa da siririn falle ta ciki. In za ka jera ƙananan mol da yawa a ja guda, tazarar da ke tsakaninsu ta kai tudunsu, in ba haka ba roba ta yi gada a tsakani.

Akwai kuma gajeriyar hanya ga ƙaramar rumfa. Gorar lemo ko ta ruwa an busa ta ne a miƙe, don haka zafi na sa ta tsuke. Yanke gindinta, tura mol ciki, cusa katako a ƙarƙashinsa har ya matse, ka bi ta da bindigar zafi, fara daga ƙasa da gefuna, ƙoli a ƙarshe. Ba akwati, ba inji. Iyakarta ita ce ba ta shiga lotsawa, sai gora mai sumul ba zane, kuma mol mai faɗin santimita 18 ya fi ƙarfin gorar lita 2.

In ja ya yi kyau, kada ka tsaya a ɗaya. Ja uku ko huɗu tun obin na da zafi, don saukar jirgi a kife rumfa take fara ci. Naɗe rarar rumfunan a tsumma mai laushi ba tare da ka yanke gefensu ba, ka rubuta irin robar, kaurinta, zafin obin da zurfin lotsawa a gindin mol ɗin da fensir.